Igiyar da Ke Jan Mai Karatu

Duk wanda ya ɗauki alƙalami bashi yake nema a wurin mai karatu, wato bashin lokaci. Mai karatu kuwa ba ya ba da lokacinsa sai ya hango riba a gaba. Wannan ne ma'aunin da nake ɗora labaran ɗalibaina a kai duk shekara, kuma da yawa a shafin farko suke faɗuwa, domin marubucin ya zazzage buhunsa tun ba a tambaye shi ba.

Alhaji Abubakar Imam ya san sirrin. A littafin farko na Magana Jari Ce, wanda ya fito a 1937, Aku ba don hira kawai yake ba da labari ba. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ɗana wa Musa tarko, muddin yaron ya fita daga gida ya halaka. Saboda haka kowane labari katanga ce tsakanin Musa da mutuwa. Muna bin Aku ne domin mun san abin da Musa bai sani ba, kuma mun damu da shi.

A shekarun 1990 na sha ganin 'yan mata a kasuwar Jimeta suna cigiyar kashi na biyu na littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Da yawansu Fulatanci ko Bacamanci suke yi a gida, amma ƙishirwar sanin ƙarshen labari ta sa Hausar boko ta zauna a bakinsu. Yau ƙannensu a WhatsApp suke dakon shafi na gaba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin jan rai da yaudara. Wanda ya datse labari a tsakiya don kawai a sayi kashi na gaba, alhali babu komai a cikinsa, ya ci amana, kuma mai karatu ba ya faɗawa rami ɗaya sau biyu. Tambayar da ka dasa a zuciyarsa alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne.

Don haka, ya ɗalibi, fara ba mu mutumin da za mu so, ka sa shi cikin haɗarin rasa abin da yake ƙauna, sannan ka riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan. In ka iso ƙarshe, ka biya bashin cif-cif.