Maganar nan ta tsaya a tabarmar nan

To, tunda yara sun watse, Malam ka rage wutar shayin nan, ku matso kusa. Maganar mutuminmu ce, ba sai na kama suna ba. Duk cikinmu babu wanda bai ji warin giya a bakinsa ba, duk da goron da yake taunawa. Mun yi nasiha, mun yi faɗa, ya rantse ya bari ba sau ɗaya ba, sati bai zagayo ba ya koma. Jiya da bakinsa ya ce mini ya gaji, yana so ya daina amma ya rasa ta inda zai kama.

Akwai wani taro da mashaya suke yi a tsakaninsu, ana ce masa AA, wato Alcoholics Anonymous. A 1935 aka fara shi a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka. Wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, ya je garin neman kasuwa, abin bai yiwu ba, ƙishin giya ya taso masa bayan watanni da barinta. Maimakon ya nufi mashaya, sai ya nemi a haɗa shi da wani mai irin ciwonsa. Aka haɗa shi da likita Bob Smith. Suka zauna suna ba juna labari, suka gano cewa abin da mai wa'azi ya kasa, wanda ya taɓa kwana a kwata yana iyawa. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

A'a Alhaji, bari in ƙarasa, na san abin da za ka ce. Ba coci ba ce. Gaskiya ne a wurare da yawa ɗakin coci ko na asibiti suke ara, kuma matakansu goma sha biyu suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji, amma kowa da yadda ya san Ubangijinsa, ba wanda za a ce wa ya sake addini. Musulmin Baltimore ma sun kafa irin nasu a 1989, Millati Islami, suka ɗora matakan a kan Alƙur'ani da Sunna.

Zaman kansa ba wani abin tsoro ba ne. Kujeru a zagaye, awa guda galibi. Sunanka na yanka kaɗai za ka faɗa, ban da na mahaifi, ban da unguwa. Wani zai ce yau shekararsa biyar bai taɓa ba, na kusa da shi ya ce shi daren jiya ya sha, kuma babu mai harararsa. In ba ka son magana, ka yi shiru ka saurara. Ba kuɗin rajista, ɗan kwando ne ake zagayawa da shi, mai hali ya saka. Sharaɗin shiga ɗaya ne, niyyar dainawa. Daga baya sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya daɗe da bari ya zama majinginsa, wanda zai buga wa waya ko ƙarfe biyun dare ne in ƙishin ya taso. Ba sa rantsuwar har abada irin ta mutuminmu, alkawarin yau kaɗai suke ɗauka. A 2020 masana na ƙungiyar binciken lafiya ta Cochrane sun tattara bincike 27, suka ga wannan hanya tana kamo sauran hanyoyin magani wajen dainawa ɗungurungum, wani lokacin ma ta zarce su.

Amma ku ji wannan da kyau. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya yanke dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jiki na iya ɗaukar karkarwa, da jijjiga, da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, har a rasa rai. Likita za a fara gani. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ga na Kware a Sakkwato, ga na Maiduguri, ga Dawanau a Kano. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya faɗa wa likita ainihin kwalba nawa yake sha. A can ne kuma zai tambayi ma'aikatan ba da shawara inda ake zaman AA mafi kusa. Ana yi a Legas da Abuja, akwai kuma na intanet ta Zoom, mutum na ɗakinsa, ko kyamara ba sai ya kunna ba. Ya dai tambaya ko zaman na mashaya ne zalla, ko wanda ake barin ɗan rakiya ya shiga. Uwargidansa ma akwai nata, Al-Anon, na iyalan mashaya, tun 1951.

Malam, kai ka karanta mana hadisin sahabin nan da aka yi ta kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. To mu ma mu rufa masa asiri, in ya zame kada a yi masa dariya a majalisa. Litinin da safe zan raka shi asibiti. Alhaji, motarka za mu ara.