Babur ɗin Baba a rabon gado

Duk wanda ya tashi a unguwar nan kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ya san ƙarar babur ɗin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ba ya ihu da hayaƙi irin na Suzuki da Yamaha, wani gurnani yake yi ƙasa-ƙasa. Da mun ji ya karyo kwanar masallaci sai mu watsar da ƙwallo, kowa ya nemi allonsa. Honda ne CD 175, baƙi, mai salansa biyu.

Baba ya saye shi a 1975 da kuɗin Udoji, lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi aka kuma biya su ariyas. Yana malamin firamare a lokacin. Lafiya tana cikin Jihar Binuwai-Filato, shi ya sa lambarsa ta fara da BP. A 1976 muka koma Filato, a 1996 muka zama Nasarawa, babur yana nan da lambarsa, ya ga jiha uku bai bar gari ba. Da shi Baba ya yi ta zirga-zirgar makarantun hanyar Doma da Obi, da shi ake ɗauro mana doya daga Agyaragu, kuma a bayansa aka kai Inna asibiti da tsakar dare ranar da za a haifi autarmu. Da idon Baba ya yi rauni sai ya tura shi ɗakin zaure ya lulluɓe da tsohuwar tabarma. Shekara goma sha takwas yana nan, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Bayan an share makoki a 2022 aka kira malami don rabon gado. Mu bakwai ne, maza uku mata huɗu, sai Inna. Aka lissafa gida da gona da littattafai, malam ya ce ko allura mamaci ya bari sai an yi mata ƙima. Yayanmu ya aika aka kira ɗan gwangwan. Yaron ya ɗaga tabarma, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ɗan jijjiga babur ɗin don ya ji nauyi, ya ce N35,000. Har yana bayani, ƙarfe daban, alminiyon daban, jan ƙarfen waya daban. Sai na ji kamar mahauci ne yake taya dokin gidanmu. Nan take na ce a bar mini shi a haka, a cire a rabona. Kowa ya ce ya yarda, wasu ma har da dariya.

To ga abin da ban faɗa ba a wurin. Wata biyu kafin nan na ga a Facebook yadda wasu samari a Kano da Kaduna suke tayar da tsofaffin Vespa da Honda, suna hawa da sallah da ɗaurin aure. Na ɗauki hoton na Baba na tura wa wani dillali a Kano, don kawai in ji. Ya ce idan injinsa na asali ne kuma tanki bai ɓule ba, ko bai gani da ido ba ya haura N250,000. Da wannan maganar a cikina na zauna gaban malam na yi shiru.

Kwana uku ina lissafi. Na ce ai ba ni na yanke farashi ba, ɗan gwangwan ne. Na ce ai ba sayarwa zan yi ba, balle a ce na ci riba. Na ce da ban yi magana ba da tuni an farfasa shi. Duk gaskiya ne, amma da na kwanta sai autarmu ta faɗo mini a rai. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, da awara take riƙe da su. A farashin ɗan gwangwan abin da zai zo hannunta N3,000 ne da 'yan kai.

Daren na uku na shiga ɗakin Inna bayan isha'i, na zauna a bakin ƙofa na zayyana mata komai. Ta daɗe tana jan carbi. Sai ta ce, "To da ka yi shiru, wa ka zaci za ka ɓoye wa? Mu ko mai babur ɗin?" Na ce, "Inna, a yi mini aikin gafara." Ta ce, "Ni ba ka ci nawa ba tukuna. Gobe ka faɗa a gaban 'yan'uwanka da bakinka."

Haka aka yi, kuma ban ji daɗin zaman ba. Yaya bai ce mini komai ba, wannan ya fi zagi ciwo. Aka yanke a kira dillalin ya zo ya gani.

A wurinsa na koyi yadda ake yi wa tsohon babur kuɗi, kuma na ga ya kamata in rubuta, don na san akwai irinsu a zauruka da yawa na unguwar nan. Bai ko dubi fenti ba. Ya fara goge wuyan babur da tsumma ya karanta lambar jiki, ya tsuguna ya karanta ta inji. Ya haska cikin tanki da tocila yana neman tsatsa. Ya duba tambarin tanki, da agogon gudu, da murfin sarƙa, da murafen gefe, ya ce waɗannan ƙananan su ne kuɗin, domin fistin da ringi ana samu, amma tambari na asali sai an sha yawo. Ya ce tsohon fenti da ya koɗe ya fi sabon fentin bakin titi daraja a wurin masu saye. Ya taka kik ya ji ya ƙi motsi, ya rage. Ya ga babu murfin gefen hagu, ya rage. Ya tambayi takardu, muka ce sai mun duba, ya sake ragewa. Ya taya N280,000, Yaya ya ce albarka. Aka tsaya a N320,000.

Yaya ya so a sallama masa a wuce wurin. Na roƙa a bar mini a wannan farashin. Malam ya buga lissafi: tumunin Inna N40,000, kowace mace N28,000, kowane namiji N56,000. Wato sai na fitar da N264,000 daga aljihuna. Wata bakwai ina biya, na fara da autarmu. Yaya ya ce, "Da kuɗin nan ka ƙara ka sayi Boxer ka ba yaro acaɓa, da kullum yana kawo maka balas." A lissafi shi ke da gaskiya, har gobe ba ni da amsar da zan ba shi.

Gyara kuma wani karatu ne. Yaran bakanike na yanzu Boxer da Jincheng da Haojue suka sani, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ke kan titi ke nan. Wannan kuwa silinda biyu ne da kafireta ɗaya, wutarsa ta kontak ce, batirinsa mai bolt 6. Na farko da na kai wa ya ce a cire injin a dasa na Caina, kwana biyu an gama. Na tura abina muka fito. Daga baya aka kwatanta mini wani dattijo da ya bar sana'ar, yana zaune a gida. Da ya ga babur ɗin sai ya shafa wata walda a ƙarƙashin matakin ƙafa ya ce, "Wannan aikina ne. Na malam ne ko?" Da na ce ya rasu, sai ya yi masa addu'a, ya ce a shigo da shi.

Fistin biyun sun kafe a cikin bulo. Bai doke su ba, ya zuba kananzir da baƙin mai ta ramin fulogi ya ce in dawo bayan sati biyu. Ringi da kontak wani Ibo mai sayar da kayan babur ne ya aika Nnewi aka nemo mana, shi ma tun yana yaron shago ya san Baba. Kwayil daga Panteka ta Kaduna aka samo, a jikin wani da ya mutu. Sai da aka yi wata biyar. Dattijon ba ya aiki da rana tsaka, ba ya aiki ranar Juma'a, kuma ba a yi masa gaggawa. Fenti dai na bi maganar dillali, wanke shi kawai muka yi.

Takardu su suka fi ba ni wuya. Gara ta cinye jakar da Baba ya adana su. A cikin wani littafin fiƙihu muka tsinci rabin rasit da tsohon lasisi guda, Allah ya taimaka lambar inji ta fito a jiki. Wanda zai bi wannan hanya ya shirya: rantsuwa a kotu cewa takardu sun lalace, rahoton 'yan sanda, takardar da magada suka sa hannu cewa sun sayar maka, sannan a kai babur ɗin jami'an duba ababen hawa su gwada lambobin da ke jikinsa da na takarda, a biya kuɗin gwamnati, a yi inshora. A ƙofar wani ofis wani ɗan kamasho ya ce in kawo N10,000 ya gama mini komai ba sai na je kotu ba. Na bayar, kuma rabona da shi ke nan. Wanda ya yi mini aikin na gaskiya yaro ne matashi, ya juya tsohuwar lambar yana tambaya BP ɗin nan ta wace ƙasa ce. Na ce ta nan inda kake zaune ce. Abin ya ba ni dariya, ya kuma tuna mini da kanmu: kakanmu ya zo garin nan fataucin gishirin Keana da Awe, a nan aka haifi Baba, a nan aka binne shi, amma har yau in yaro zai nemi makaranta sai an tambaye shi daga ina. Shi dai babur ya samu sabuwar lamba mai LFA. Tsohuwar tana rataye a zaure.

Ranar da ya tashi, a ƙofar gida na buga kik, a bugu na huɗu ya kama. Tsofaffin da ke zaune a dakalin masallaci duk suka waiwayo. Inna ba ta fito ba. Ta aiko jikarta ta ce a kashe, a bari sai gobe. Washegari ita da kanta ta ce in kai ta gidan autarmu a kansa, ta zauna a karkace ta riƙe ƙarfen baya kamar yadda ta saba.

Yanzu Juma'a kawai nake hawansa, sai ko ɗaurin aure na kusa, don batir mai bolt 6 wahalar samu gare shi. Dillalin ya kira sau biyu yana ƙari, na ce ya yi haƙuri. Har yanzu babu murfin gefen hagu, da leda na rufe wurin. Wanda yake da gawar irin wannan babur a gida, don Allah kafin ya kira ɗan gwangwan ya same ni a masallacin unguwa bayan la'asar.