Bakatsine da Ruwan Hunturu

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas ce ke mulkin Katsina. Takan zo da busasshen ɗari mai tsattsaga leɓe da dunduniya, da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har wata rana hasumiyar Gobarau ta koma kamar inuwa a cikin hazo. A wannan yanayi na fara shirin tirayatalon, gasar da ke haɗa ninkaya da tseren keke da gudu a jere, ba hutu a tsakani. An fara ta a San Diyego ta Amurka a 1974, ta shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Ni ƙaramar na zaɓa: ninkayar mita 750, keke na kilomita 20, gudun kilomita 5.

Biyu daga cikin ukun ba baƙi ba ne a wurinmu, sai dai larura muka san su da ita. Keke abin hawan wanda bai kai ga mallakar mashin ba ne, shi ya sa duk wanda ya gan ni a kansa yakan yi mini jaje a fakaice. Gudu kuwa labari ne. A garin da ya sha jin ta'asar 'yan bindiga a ƙauyukan Batsari da Jibiya, magidancin da ya taho a guje da duku-duku tambaya ce a tafe. "Malam, lafiya dai?" in ji mai shayin da ke bakin Ƙofar Ƙaura, har sai da ya saba da ni. Dalilin tsaron ne kuma ya zaɓa mini hanya: ina kewaye filin wasa na Karkanda da ƙafa, keke kuma ba na nisa da gari. Ɗarin asuba alheri ne ga mai gudu, domin irin nisan da nake ci a Janairu ba zai ciwu a zafin Afrilu ba. Kuɗinsa kawai nake biya da tari da kaikayin maƙogwaro, ranar da buji ya yi yawa kuma in haƙura.

Ruwa shi ne maganar. Katsina ba ta da kogin da ke gudana shekara da shekara. Abin da muka tashi muka gani shi ne kududdufi, wanda ke cika da damina, kusan kowace shekara kuma sai an ji ya ci ɗan wani. Ina ɗan shekara tara ya ci abokina, muna aji ɗaya a makarantar allo. Tun daga ranar Inna ta yi mana iyaka da duk ruwan da ya wuce na bokiti, na kuwa girma ina ganin wannan tsoro a matsayin hankali. Da ta ji abin da nake shiri, sai ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "Ɗan nan, ruwa fa ba sa'an kwando ba ne." Na ce, "Inna, jikokinki ma za su girma a bakin kududdufin nan, kuma babu wanda ya iya shiga ya fid da su." Ba ta ce ta yarda ba. Addu'a ta yi, wadda a wurin uwa ta fi amsa nauyi.

Madatsar Ajiwa ba wurin ɗan koyo ba ce, ga zurfi, ga fargabar tsargiya. Don haka wurin ninkayar wani otal na nufa, mai tsawon mita 25, inda a hunturu babu kowa sai ni da wani matashin da ke koya mini. Ruwan da ya kwana a sarari cikin Disamba yakan daki ƙirji kamar kulki. Numfashi ya tsinke, jiki ya ce a fita. Matashin bai ko kula da hannuwana ba a makonni biyun farko. "Yaya, ka sa fuska a ruwa, ka busa," shi ke nan darasin. Wanda ya riƙe numfashi jikinsa yakan sanƙare, wanda ya ɗaga kai kuma ƙafafunsa su nitse, sai ya yi ta kokawa da abin da ya isa ya ɗauke shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne shirun da ke ƙarƙashin ruwa. Shekaru talatin ina zaton ihu ne a can.

Akwai kuma wahalar da ba a faɗa wa ɗan koyo: sauka daga keke a zarce da gudu. Ƙafafu kan zama kamar na aro, sai bayan kilomita guda suke gane mai su.

Mita 750 na nufin ratsa wurin ninkayar sau 30. A Disamba sau biyu nake yi in kama gefe ina haki; yanzu na kai goma sha takwas ba tsayawa, saura goma sha biyu kafin gasar, wadda za a yi a buɗaɗɗen ruwan da ba shi da gefen kamawa. Ranar Asabar da ta wuce babban ɗana ya bi ni. Ya zauna a baki, ya tsoma ƙafa ɗaya, ya janye, ya ce sai sanyi ya wuce.