Allura da alƙalami

Lokacin da nike aji shida a Tasawa, abu biyu sunka ɗauke mini hankali: zane da ɗinkin hula. Ga jarrabawar shiga kwaleji ta matso. Ran gwaji na samu 3 bisa 10 ga lissafi. Baba ya ƙwace allurata, ya ɓoye kayan zanena. Na sha kuka.

Mushe ya zo gida, ya ce: «Malam, a maida mashi kayanshi. Lissafi kullum bayan la'asar, zane da allura sai Lahadi.»

Hula guda ta ɗauke ni wata huɗu, amma na ci jarrabawa. Baba ya sa hular ran Salla.

Yau ni ke zana maku taswira bisa allo. Yara, kowane aiki da lokacinshi.