Harajin hayaƙi da rangwamen gazuwal

Duk ɗan kasuwar da ya saba da ofishin duwan ya san cewa in ana son gane nauyin haraji, sai a duba jerin waɗanda aka yafe wa shi. Da wannan ido nake kallon abin da ya faru a ƙasar Ostiraliya, mai arzikin kwal da ƙarfe.

Ran 1 ga watan Yuli na 2012, gwamnatin Julia Gillard ta ɗora wa manyan masana'antu haraji a kan hayaƙin da ke ɗumama duniya, dalar Ostiraliya 23 a kan kowane tan. Hikimar a fili take: abin da ya yi tsada, mutum yakan rage shi.

Sai dai a ƙasar akwai wata tsohuwar doka da ke mayar wa kamfanonin haƙar ma'adinai harajin gazuwal ɗin da injinansu ke sha. A lokacin, harajin ya kai santi 38 a kan lita. Da sabuwar doka ta zo, kamar santi 6 kawai aka zabge daga abin da ake mayar musu. Tony Abbott ya ci zaɓen 2013 da alkawarin soke harajin hayaƙi, majalisa kuwa ta soke shi a watan Yuli na 2014. Santi 6 ɗin suka koma aljihun kamfanoni. Haraji ya shekara biyu ya mutu, rangwame ya yi zamansa.

Kamfanonin suna da hujja. Sun ce harajin mai kuɗin gyaran hanya ne, su kuwa manyan kamiyoyinsu cikin ramin haƙa suke yawo, ba sa taka kwaltar gwamnati. Na yarda maganar tana da kama. Amma hayaƙi bai san kwalta ba. Litar da ta ƙone cikin rami da wadda ta ƙone a motar malamin makaranta, zafi ɗaya suke ƙara wa duniya, alhali malamin ne ke biyan harajinsa cif.

Abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai shi ne, mu ma ƙasar ma'adinai ce. Tun 1981 kamfanin Sonichar ya fara ƙona kwal ɗin Anu Araren domin bai wa mahaƙar uraniyom ta Arlit wutar lantarki. Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar Paris ta 2015 game da sauyin yanayi.

Saboda haka, ranar da aka kawo mana batun harajin hayaƙi, ni dai ba zan ƙi shi ba, domin fari da ambaliya mu suke fara ci. Roƙona ga ma'aikacin da zai rubuta dokar shi ne ya fara buga mana sunayen waɗanda za a yafe wa, da adadin kuɗin da baitulmali zai rasa a kansu kowace shekara. In babban mai ƙonawa ya tsira, direban kamiyon da ke jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram ne zai biya, shi kuma ya ɗora a kan buhun hatsinmu.