Tsakanin Tsaya da Saya: Labarin Wata Na'ura a Majami'ar Kusasu

Ranar Lahadin farko da aka mayar da kayan sauti majami'ar, mai wa'azi ya ɗaga murya ya ce wa jama'a su tsaya da ƙarfi. Wata tsohuwa da ke zaune a bencin baya ta juya ga jikarta ta tambaye ta, me kuma aka ce a saya? Yara suka yi dariya. Matashin da aka damƙa wa kula da na'urorin bai yi ba, domin ya san saura mako uku a yi sujadar godiya ta kaka, kuma a ranar za a karanta sunayen 'yan ikkilisiyar da aka rasa a shekarun tashin hankali. Sunan yayansa na cikinsu.

Kusasu na gefen dajin Birnin Gwari, a yammacin jihar Kaduna, yankin da ya haɗa da gandun dajin Kamuku, wanda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna cin karensu babu babbaka a cikinsa. A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta katse layukan waya a wasu sassa, ta kuma hana hawan babur, don ta toshe wa maharan hanya. A wannan tsakani ne 'yan ikkilisiyar suka watse. Kafin su tafi, yayan matashin ya naɗe kayan sautin cikin buhunan taki, ya cusa su a rumbu. Bayan sulhun da aka ƙulla a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mutane suka fara komawa gonakinsu da kaɗan-kaɗan. Kayan suna nan inda aka bar su, sai dai mai kayan bai dawo ba.

Yawancin masu sujada a wurin Gbagyi ne, amma Hausa ce harshen bagadi. Da ita ake karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi zuwa Hausa tun 1932, da ita Zumuntar Mata ke rera waƙoƙinta, da ita kuma ake sanarwa. Wanda ya sha harshe a nono yana iya cike gurbin baƙin da ya kuɓuce masa daga yanayin zance. Tsohon da Hausa ta zo masa daga baya, ga kuma kunne ya fara nauyi, ba shi da wannan rarar. Abin da lasifika ta ba shi, shi ne abin da ya samu.

Cutar ta zo da fuska biyu. Ta farko, murya tana fita da kauri kamar mai magana daga cikin randa. Ta biyu, duk lokacin da aka kunna fankoki janareta ya yi nishi, sai sautin ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo. Dattawan ikkilisiya suka yanke hukunci nan take, cewa lasifikokin ne suka lalace a rumbu, a sa kuɗi a sayo sababbi a Kaduna. Kuɗin da suke nufi kuwa shi ne wanda aka tara don gyaran rufin majami'a.

Matashin ya rusuna gaban babban dattijon ya ce, "Baba, a ba ni mako biyu. In ban gano ba, sai a saya."

Dattijon ya ce, "Ɗana, yayanka ne ya san kan abin nan. Amma je ka gwada."

Abin da ya tuna daga shekarun da ya yi yana riƙe wa yayansa waya shi ne, sauti tafiya yake yi zango-zango, kuma mai gyara ba ya zargin zango sai ya tsaya a kansa ya saurara. Murya na shiga makirufo, ta wuce mikisa, ta shiga na'urar rarraba sauti, ta fita zuwa amfilifaya, sannan ta isa lasifika. Ya fara da tsakiyar hanya. Ya sa abin sauraro na kunne a jikin mikisa, ya sa ƙanwarsa ta yi ta maimaita kalmomi bibbiyu a makirufo: tsaya da saya, tsoro da soro, ƙara da kara, sha da sa. Duka suka fito garau. Ke nan makirufo da mikisa sun kuɓuta daga zargi.

Sai ya koma ƙarshen hanya. Kowane akwatin lasifika na majami'ar hawa biyu ne, babbar lasifika a ƙasa mai ɗaukar kaurin murya, da ƙaramin ƙaho a sama mai ɗaukar sirantarta. Ya kara kunnensa a bakin ƙahon, shiru. Ya cire wayoyinsa ya auna shi da mita, allura ta nuna kusan om 6, abin da ake sa rai ga ƙahon da aka rubuta wa om 8. Da zaren cikinsa ya ƙone, da allurar ba ta motsa ba. Ya musanya wayoyin dama da na hagu, ya musanya amfilifaya biyun, cutar ba ta bi waya ba, ba ta bi amfilifaya ba. Zango ɗaya ya rage.

A nan ne matsalar ta shafi mai nazarin Hausa. Karin sauti, wanda ke bambanta ma'anar kalmomi da dama, yana tafiya ne a kan kaɗawar tantanin maƙwallato, wadda a muryar magana ba ta cika wuce kaɗawa 100 zuwa 250 a daƙiƙa ba. Wasula ma, dogayensu da gajerunsu, yawancin ƙarfinsu a ƙasa yake. Amma zuzau irin su /s/ da /sh/, da ƙarar fashewar tunkuɗau irin su /ts/ da /ƙ/, kaifinsu yana can sama, a dubban kaɗawa. Aikin na'urar rarraba sauti shi ne ta yanka murya a wata iyaka, ta aika ƙasan ga babbar lasifika, saman kuma ga ƙaho. Idan saman ya ɓace, hawa da saukar jimla za su iso kunne lafiya, wasula su iso, amma bakin baƙaƙen ya dushe. Tsaya da saya wasulansu ɗaya. Baƙin farko da ya raba su shi ne ainihin abin da na'urar ta haɗiye. Ashe tsohuwar ba kurma ba ce, abin da aka ba ta ta maimaita.

Da ya kwance murfin na'urar, ya tarar da ƙura da gidan zanzaro a kusurwa. Ya share su da gashin kaza. Sai ya ga abubuwa biyu. Akwai ɗan batir mai faɗin kwabo, na bolt 3, wanda ke riƙe wa na'urar abin da aka tsara mata idan an ɗauke wuta. Mita ta nuna ya mutu. Kusa da mashigar wuta kuma akwai kafasito biyu da kansu ya kumbura kamar ƙosai. Kafasiton nan su ne rumbun wutar na'ura, su ke tallafe ta idan wutar janareta ta faɗi ƙasa da bolt 230 da take bukata. Da suka bushe saboda zafi da tsufa, ko ɗan nishin janareta sai ya kashe ta, ta sake tashi. Wannan ya bayyana ɗaukewar sauti. Mutuwar batirin kuma ta sa na'urar ta manta tsarin majami'ar, ta koma tsarin da ta zo da shi daga masana'anta, na lasifika mai hawa uku. Tana aika sirantar murya zuwa kafar da ba a jona komai ba, kafar ƙahon kuwa tana kulle.

Ranar kasuwa ya hau motar Birnin Gwari da na'urar a cinyarsa. Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda shi ke duba amsa-kuwwar masallatan unguwarsu, ya ciro kafasito biyu masu daidai awo daga wata matacciyar inbata, ya liƙa su da dalma, ya kuma ja masa kunne cewa kafasito na da ƙafar da ba a juya ta, in an juya sai ya fashe. Batirin kuwa a wurin mai gyaran agogo aka samo shi. Duka abin da aka kashe bai kai kuɗin motar zuwa da dawowa ba.

Na'ura ta tashi, amma ba ta san majami'ar ba. Yana iya mayar da wayar ƙaho zuwa kafar da sauti ke fita, sai dai iyakar da masana'anta ta sa ba don waɗannan ƙahonin aka yi ta ba. In iyaka ta yi ƙasa da yawa, kaurin ganga zai shiga ƙaho ya ƙone zarensa, kuma ba a sayar da irinsa a kusa. Ya kwana biyu yana juya maɓallai ba tare da ya yarda ya buɗe kafar ba. A dare na uku matar yayansa ta aiko masa da Littafin Waƙoƙin marigayin, ta ce ta sha ganinsa yana rubutu a bayansa in ya dawo daga majami'a. A bangon ƙarshe, da biro shuɗi, akwai lambobi a jere: iyaka 1,800, sai matakin da za a rage wa ƙaho, sai inda za a sa wa ƙarfi linzami don kada ya wuce kima. A ƙasa an ƙara da cewa a kunna amfilifaya a ƙarshe, a kashe ta da farko.

Ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya adana su, ya kashe na'urar ya sake kunnawa don ya ga ko za ta riƙe. Ta riƙe. Ya sa aka kunna fankoki duka, janareta ya yi nishinsa, sauti bai motsa ba. Sannan ya je har gida ya roƙi tsohuwar nan ta zo ta zauna a bencinta na baya. Ƙanwarsa ta koma makirufo.

Ya ce, "Kaka, me ta ce?"

Ta ce, "Tsaya ta ce. Yanzu kuma ta ce saya. Wasa kuke yi da ni?"

Ranar godiya aka jibge dammunan dawa da buhunan masara a gaban bagadi. Da aka zo karatun sunaye, mai karatu ya bi su a hankali, sunan Gbagyi da na Hausa da na baftisma, kowane gida na miƙewa idan an kira nasa. Ba a sami gidan da ya miƙe a kan sunan wani ba, ba a kuma sami wanda aka maimaita wa ba. Matashin yana zaune bayan mikisa da littafin a buɗe a gefensa. Da aka kira sunan yayansa ya miƙe tare da sauran 'yan gidansu, hannunsa ɗaya na kan maɓallin ƙarfi. Kafin ya tashi ranar, ya kwafe lambobin a takarda ya manna a cikin murfin akwatin na'urar, ya kuma ƙara ranar da aka sa sabon batir. Kuɗin rufi ya tafi ga rufi.