Takardar da muka baro a Yamai



Bara bayan girbi Allah ya nufe mu da zuwa Umra tare da mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70, ƙafafunta kuma ba sa jure dogon zama. Tun a gida muka yanke shawarar ɗaukar hayar mota a Jidda, mu kai ta Madina a hankali, mu tsaya duk inda ta gaji, domin hanyar ta fi kilomita 400.

A wurin masu bada hayar motoci muka miƙa fasfo da permi. Ma'aikacin ya juya permin gaba da baya, ya maido mana. Rubutun Faransanci ne, shi kuwa Larabci da Ingilishi yake karantawa. Ya nemi permin ƙasa da ƙasa. Yayanmu ya ce shekara 20 ke nan yana tuƙi bai taɓa haɗari ba. Mutumin ya yi murmushi, ya ce ba shi da ikon bada mota sai da takardar. Hajiya tana zaune gefe tana jan carbi, tana kallonmu.

Daga baya muka fahimci lamarin. Permin ƙasa da ƙasa fassarar permin gida ne cikin harsuna da dama, kuma ba ya aiki sai an haɗa shi da na asali. Ƙasar da ta ba mutum permi ita ke bada shi, saboda haka kafin a tashi ake nemansa. Wanda ke bin yarjejeniyar Janeba ta 1949 shekara ɗaya yake yi, na yarjejeniyar Viyana ta 1968 kuwa yakan kai uku. Galibin kamfanoni sukan nemi katin banki na jingina, su kuma duba shekarun direba.

Dole muka ɗauki direba da kuɗi mai tsoka, ga shi mai gaggawa. Hajiya ta isa Madina ƙafa a kumbure. Ranar farko a ɗaki ta yi sallolinta, Masallacin Annabi (SAW) yana kusa da mu. Ba ta yi mana faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne: "Ƴaƴana, tun ran gini ran zane."

Don haka, duk mai niyyar tuƙi a wata ƙasa ya tambayi kamfanin haya sharuɗɗansa tun yana gida, ya nemi takardar tare da biza. Allah ya sa mu dace, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, amin.